Na Je Arlit Gyaran Ƙaramin Mushe

Tun da na dawo daga Arlit ba a bar ni na huta ba. A ofis a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin titi kuwa har suna an laƙaba mini. Wani ya ce da gaske ne ƙasar garin tana walƙiya? Wani ya ce shi ya ji an kama ni da bam. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Sunana Kabiru. Ina aiki a wata kwalejin horar da malamai a Kano, sashen kayan koyarwa. Rediyo, majigi, lasifika, duk abin da ke da waya a cikinsa in ya lalace teburina ake kawowa. Ina da yaya, Hajara, tana aure a Arlit. Mijinta Alhaji Sani mutumin Kano ne, yana da shagon yadi a kasuwar garin, ita kuma tana taimakawa a wata ƙaramar makaranta ta unguwarsu. A shekarar da tawaye ya yi zafi a arewacin Nijar ta kira ni, layin yana yankewa yana dawowa.

"Kabiru, kana iya gyara mutum-mutumi?"

"Na gona, Yaya?"

"Wane irin na gona! Mai magana. Na makaranta."

Ta ce wata Baturiya ce mai aikin agaji ta kawo shi, don a gwada ko zai taimaki yaran da ke zuwa daga daji ba su jin Hausa ba su jin Faransanci, sai Tamajak, harshen Abzinawa. Da al'amura suka rikice aka kwashe Turawa, ta tafi ta bar shi. Yanzu ya yi shiru, kuma duk garin babu mai yarda ya buɗe cikinsa. Ni dai a majigi na taɓa ganin irinsa, a wani taron bita. Ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Amma kafin in yi tunani bakina ya ce zan zo. Matata Zainab ta kwana biyu ba ta kula ni, don kullum rediyo labarin nakiya yake yi a kan hanyar Agadas. Mahaifiyarmu kuwa Damagaram muka ce mata za ni.

Na haɗa jaka: batura sababbi, wayoyi, mita, ƙarfen narka dalma, ƙananan sukundireba. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba yadda waɗannan kaya za su yi kama a idon mai tsaron hanya.

Daga Kano zuwa Daura babu abin faɗa. A Kwangwalam, bakin iyaka, namu suka duba fuska suka ɗaga hannu. Da muka tsallaka sai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya karɓi katina na aiki, ya juya shi, ya ɗago ya dube ni.

"Kai mushe ne?"

Na ji jini ya hau mini kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, me na yi maka?"

Wata hajiya da ke zaune kusa da ni a mota ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Ɗana, a nan malamin boko ake ce wa mushe. Girmama ka ya yi." Sunanta Hajiya Rabi, 'yar Damagaram, tana kai yaji da daddawa da busasshiyar kuɓewa Arlit. Daga nan ta ɗauke ni kamar kayanta. Ita ta koya mini cewa makaranta lakwal ce, wutar lantarki kuran, batir kuma pil.

A Damagaram na sauka gidan wani abokin Alhaji Sani. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, da kofi mai madara a cikin kwano. Na fita da azahar neman tikitin mota na tarar gari ya rufe ruf, ofis da shago kowa ya tafi hutun rana. Na yi ta zagaye tashar ina duba agogo. Wani mai shayi ya ce, "Malam, zauna mana. Ku mutanen Kano kamar ana bin ku."

Motar Agadas ta cika da maza masu neman aiki, Hajiya Rabi ma tana ciki da kayanta. An ce an ba sababbin kamfanoni wuraren haƙar ma'adinin yuraniyam, har da 'yan Sin, kowa yana ganin rabonsa yana arewa. Wanda ke bayana tela ne, Isufu, ya sayar da kekensa ya yi lasin tuƙi. Duk tsawon hanya tambayata yake ko na san wani babba a kamfani. Na ce masa ni gyaran abin wasan yara za ni, ya ɗauka rowa nake masa, ya daina yi mini magana. Bayan Tanut kwalta ta ƙare, muka shiga rairayi da gargada, buhun yajin Hajiya ya fashe a kan kaya, mota gaba ɗaya ta kama atishawa. Direba ya tsaya ya fita yana hawaye yana faɗa, Hajiya kuma tana ce masa ai magani ne.

A shingen shiga Agadas aka sauke mu duka, kowa ya tsaya gaban jakarsa. Jandarman da ya zuge tawa ya ja da baya taku biyu, ya kira babbansu. Aka shimfiɗa kayana a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, batura nan, wayoyi nan, mita nan. Sai a lokacin na ga kayan da idon mai tsaron hanya. Hajiya Rabi ta yi ta rantsuwa cewa ta san ni tun ina yaro, alhali ko sati ba mu yi da haɗuwa ba. Ba su saurare ta ba. Mota ta tafi ta bar ni a ƙarƙashin wata rumfar kwano.

Babban nasu, Shef suke ce masa, mutum ne siriri mai sanyin magana. Ya tambaye ni abin da zan yi da kayan. Na ce mutum-mutumi zan gyara, mai koya wa yara karatu. Ya dubi kayan, ya dube ni.

"A Arlit?"

"A Arlit, ranka ya daɗe."

"Da ka ce mini rediyo, da na fi yarda."

Na kira Yaya, ta haɗa shi da shugabar makarantar, suka yi ta Faransanci. Da ya gama ya miƙo mini waya, ya sa aka zuba mini shayi. Ya ce, "Na yarda da kai. Amma akwai wani jandarma yarona a asibiti, ƙafa ɗaya ta rage masa, kuma abin da ya tashi da motarsu da irin waɗannan aka haɗa shi. Pil ba za su wuce nan ba." Ya riƙe baturan da wayoyin, ya mayar mini da sauran. Na zuge jakata. Amma baturan nan su ne rabin dalilin zuwana.

Saboda wannan jinkirin ayarin motocin da soja ke rakawa Arlit ya tashi ba ni. A lokacin babu mai bin hanyar shi kaɗai, kuma ba a faɗin ranar tashi sai ta zo. Na sauka a gidan wasu 'yan kasuwar Kano kusa da tasha, ɗaki ɗaya mu da yawa, kowa jakarsa ce matashinsa. Kullum da safe in je tasha a ce sai gobe. In dawo in zauna wurin wasu Abzinawa masu dafa shayi a ƙofar gida. Shayinsu zagaye uku ne, kuma tsakanin kofi da kofi mutum zai iya zuwa Sabon Gari ya dawo. Ranar farko na shanye na farko na miƙe, mai dafawar ya kama gefen rigata ya zaunar da ni, ya ce ba a yi haka. A nan na fara cin cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda, ana tsoma shi a shayi. Da farko na ji kamar ina tauna fata, daga baya ni ke nemansa.

Ranar da ayari ya tashi, motoci suka jeru, soja gaba soja baya. Direbanmu ya juyo ya ce, "Duk wanda fitsari ya matsa, a kan kwalta. Wanda ya sauka gefe, shi ya sani." Kowace mota tana bin sawun ta gabanta daidai. Babu mai hira. Wani tsoho a gefena carbi kawai yake ja. Mun yi nisa sai muka ji wata ƙara, dam, motar ta karkace. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin kujera ba, na rungume ƙafar wani bawan Allah ina salati. Ashe taya ce ta fashe. Mai ƙafar ya leƙo ya ce, "Malam, in ka gama da ita ina so." Dariyar da aka yi a motar nan ba ta daɗi ba ce, wasu suna yi suna share ido.

Arlit gari biyu ne a wuri ɗaya. Akwai unguwar ma'aikatan kamfani, da shinge da itatuwa da wuta ba ɗaukewa. Sai kuma sauran gari, inda su Yaya suke, gidajen ƙasa da na kwano da bukkokin waɗanda suka gudo daga daji da 'yan awakinsu. Yaya ta rungume ni ta yi kuka, ta ce na rame, ta cika mini kwano da tuwon gero miyar kuka. Abu na farko da ta gargaɗe ni shi ne kada in sayi tukunya ko ƙarfe a kasuwa in ce tsaraba, don ba a san daga ramin da ya fito ba, ƙarfen ramin yuraniyam kuwa cuta yake sawa.

Makarantar tana gefen lambuna, ɗaki ɗaya na ƙasa da rumfar zana. Shugabarta Madam Fatimata, mutuniyar Tawa, doguwa, ba ta ɓata magana. Ta buɗe kabad ta fito da shi a naɗe cikin tsohon bargo. Tsawonsa bai wuce gwiwata ba. Fari ne na roba, da kai zagayayye, da manyan idanu, da hannaye biyu masu ɗagawa. Yara suna ce masa Ƙaramin Mushe.

Madam ta ce, "Da mu biyu ne, ni da Mushe Alhusaini. Shi ya zuba mishi magana, Tamajak da Hausa da Faransanci. Shina aje shi a rumfa da ƙananan ɗiya, shi tambaye su, su taɓa mishi hannu su ba da amsa. Ɗiyan da ba su iya kallon babba a ido, da shi sunka fara buɗe baki."

Na ce, "Ina Mushe Alhusainin?"

Ta dubi ƙofa kafin ta amsa. Ta ce ya tafi ɗauko mahaifiyarsa daga wani ƙauye a gindin duwatsu, bai dawo ba. Wasu sun ce nakiya, wasu sun ce kama shi aka yi, wasu sun ce dutse ya hau wurin 'yan tawaye. Babu gawa, babu saƙo. Malaman da aka turo daga kudu kuma babu wanda ya yarda ya zo. Ita kaɗai ta rage, sai Yaya da ke tsare mata ƙanana.

A bakin ƙofar akwai wata mace zaune a ƙasa, lulluɓe da baƙin mayafi. Na ɗauka mai tallan wani abu ce. Yaya ta raɗa mini cewa matar Mushe Alhusaini ce, Asalama, kullum nan take wuni tun da mutum-mutumin ya yi shiru.

Na buɗe cikinsa. Batirin ya kumbura, yashi ya cika wuyansa. Na share na goge. Batun batir kuwa sai da muka zagaye kasuwa ni da Alhaji Sani, a ƙarshe na haɗa masa na babur da cajar mota, aka ɗora a cikin kwali a bayansa. Ba kyau, amma wuta ta shiga. Idanunsa suka kawo haske, kan ya juyo a hankali ya tsaya a kaina, sai muryar namiji mai ɗan kauri ta fito. Ya yi Tamajak tukuna, sannan ya ce, "Sannunku da zuwa, ɗiyana. Wa ya wanke hannu yau?"

Na ji motsi a bayana. Asalama ta shigo har tsakiyar ɗaki, mayafinta ya zame ba ta sani ba.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Yakan yi magana kaɗan, ya tsallaka wani darasi, ya tsaya cak a tsakiyar kalma, kai a karkace. A taɓa hannunsa ba ya amsawa. Na duba littafin da ya zo da shi, na gwada duk abin da na sani. Ƙwaƙwalwarsa ce ta rikice. Maganin guda ɗaya ne, akwai faifai a cikin kwalinsa, a haɗa shi da kwamfuta a sake zuba masa komai daga farko. Yin hakan zai share duk abin da ke ciki. Na nemi hanyar kwafe muryar, ban samu ba.

Na faɗa wa Madam a gaban Asalama, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Madam ta ce, "To a share." Asalama ta ce, "A'a." Hausarta ta koyo ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu. Ta nuna Madam ta ce, "Shi yana da miji a gida. Ni wannan ne ya rage."

Na kawo shawarar a ɗauki muryar a kaset. Alhaji Sani ya ba mu rakodarsa. Haka muka yi ta yi, in kunna shi, in kara rakoda a bakinsa, ya faɗi abin da ya ga dama, ya yi zafi ya tsaya, Yaya ta yi masa fifita, in sake kunnawa. Ba ka san abin da zai fito ba, ƙirga, ko sunayen dabbobi, ko gaisuwa. Ni kuma hankalina ya rabu. Hutun da na ɗauka ya kusa ƙarewa, Zainab tana kira tana cewa an sake jin wani abu a rediyo, a tasha kuma ana raɗe-raɗin za a rufe hanya. In zauna in tashi, in leƙa waje in dawo.

Wata la'asar sai ya fito da abin da ba darasi ba. Muryar ta yi gyaran murya, ta yi wata magana da Tamajak, aka ji kukan akuya kusa, sai dariyar mace, da amsarta daga nesa. Asalama ta toshe baki da hannu biyu. Muryarta ce. Ashe a gida Mushe Alhusaini yake ɗaukar darussan, ranar yana gwaji ne ya ce ta kori akuya, ita kuma ta ce ya bar akuya ta shiga lakwal ita ma. Ita ta fassara mana da kanta, tana dariya hawaye na zuba. Rakoda ta ɗauka, na gode wa Allah.

Da kaset ya cika na ba ta, na nuna mata yadda ake kunnawa. Ta tafi da shi. Kashegari ta dawo ta ajiye rakodar a gabana.

"Ya yi?" na tambaya.

"Murya ya yi. Amma kaset ba ya juyowa ya duba mutum."

Duk abin da na ji a taron bita game da dalilin da ya sa yara ke sakewa da irin waɗannan na'urori, ga shi ta faɗe shi a jimla ɗaya, kuma a kan kanta take magana.

Madam ta fusata. Ta ce, "Asalama, mi kike so in yi? In raba kaina biyu? Ga ɗiya can cikin rumfa suna jifar juna da ƙasa. Mijinki da kanshi, don wa ya yi wannan wahala?" Asalama ta koma bakin ƙofa ta zauna. Madam ta juyo kaina ta ce in yi aikina, abin na makaranta ne. Na ce, "Madam, ni baƙo ne. Ba zan share shi a kan idonta ba ta yarda ba, in hau mota in bar ku da juna." Ta yi tsaki ta fita. Da yamma Yaya ma ta yi mini faɗa, ta ce na zo na tayar da abin da ke kwance kuma zan gudu. Na rasa inda zan sa kaina, na yi ta zagaye lambunan mutane har wani mai ban-ruwa ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Da safe Madam ta huce. Ta ce ko an gyara ko ba a gyara ba, yara sun dame ta, a kai musu shi su gaisa. Na ɗora shi a kan wata garwa a rumfa, na kunna. Yaran suka yi tsit, suka matso har suna taka juna. Ya juya kai dama da hagu, ya ɗaga hannu ya taɓa kansa, ya fara darasin sassan jiki. Ya faɗi kai da Tamajak, da Hausa, da Faransanci. Ya faɗi ido. Yana cikin faɗin kunne ya tsaya.

Yaran ba su tsaya ba. Suka ƙarasa kunne, suka wuce hanci, baki, wuya, harshe uku-uku, da irin jan muryarsa da inda yake sauke ta. Da suka zo kafaɗa, gaba ɗayansu suka yi ɗan tari sau ɗaya, sannan suka ci gaba. Na dubi Madam. Ta ce a hankali, "Nan Mushe Alhusaini yake tari a ciki." Suka kai har ƙafa, suka ce wa kansu "Madalla, ɗiyana," kamar yadda yake rufewa, suka tafa.

Asalama tana tsaye a jikin zana. Ta juya ta tafi gida, ranar ba ta dawo ba.

Washegari tun kafin a buɗe makaranta muka tarar da ita da zani a hannu. Ta ce, "Ina ne kwamfuta?"

Kwamfutar tana Akokan, garin ma'aikata da ke kusa, a gidan ƙanen Madam, Abdu, wanda ke aiki a ƙarƙashin ƙasa. Can muka zaɓa don wutarsu ba ta ɗaukewa, kuma in ta ɗauke ana tsakiyar aiki an yi asarar duka. Damuwata shingen shiga unguwar, na riga na ga abin da waya da batir ke jawowa. Asalama ba ta tsaya shawara ba. Ta sunkuya, ta ɗora shi a baya, ta ɗaure da zani, ta ja mayafi ta rufe. A shinge mai gadi ya duba takardar Madam, ya duba tawa, ya dubi goyon ya ce, "Barci yake?" Ta ce, "Ba ya da lafiya." Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga mana ƙarfe.

A ɗakin Abdu na haɗa komai. Rubutu ya fito da Faransanci, Abdu ya ce tambaya ake, ka tabbata? Na dubi Asalama na ce, "In danna?"

Ta ce, "Kai aka kira don wannan." Ta juya fuskarta bango.

Na danna. Wani layi ya fara cika a hankali, ya kai rabi ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Zufa ta jiƙa mini riga duk da fanka. Na fara lissafin abin da zan ce wa matar nan in ya mutu gaba ɗaya, ba murya ba gyara. Matar Abdu ta kawo shinkafa da miya, babu wanda ya taɓa. Na fita tsakar gida na dawo, na sake fita. Ina waje na ji Madam ta yi kabbara. Na shigo na tarar idanunsa sun kawo, yana gaishe mu da muryar wata Baturiya. Na taɓa hannunsa, ya ɗago ya amsa. Asalama ta dube shi sau ɗaya, ta ce a sa shi a kwali, ba za ta goya shi ba. Abdu ne ya fito mana da shi a motar abokinsa.

Saura zuba magana. Madam ta yi Faransanci. Hausa na ce ni zan yi, amma da aka kunna wa yara suka kwashe da dariya, suka ce Ƙaramin Mushe ya zama ɗan Najeriya. Aka share tawa, Yaya ta yi, don bakinta ya riga ya gauraya da na garin. Tamajak ce ta tsaya. Madam ta kira wani dattijo mai lambu, ya zauna gaban abin yana ta kame-kame. Ya faɗi kalma biyu sai muka ji Asalama daga bakin ƙofa, "Ba haka ba ne. Hannu ne farko, sannan yatsa." Ya sake, ta sake gyara masa. A karo na uku dattijon ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "To ke zo ki yi mana, ni ruwa na bari yana gudu."

Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta san harafin boko ko ɗaya ba. Amma duk darussan a kunnenta aka ɗauke su, tana tuƙa tuwo yana maimaitawa. Ta zauna, ta ja mayafi, ta yi su a jere, da wuya mu sake ɗauka. Da na kunna mata ta ji, ta ɓata fuska ta ce wannan ba muryarta ba ce, ta wata tsohuwa ce.

Dawowata babu abin faɗa sosai. Taya ba ta fashe ba. A shingen Agadas Shef ya gane ni, ya tambaye ni ko malamin ya warke, ya sa aka ɗauko mini baturana, na ce ya bar su. Na ga Isufu tela a tashar Agadas yana lodin buhuna, ya kawar da kai, ni ma na yi kamar ban gan shi ba. Mahaifiyarmu har yau tana tambayata mutanen Damagaram. Mushe Alhusaini kuwa, zuwa ranar da nake wannan rubutu, babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Batirin babur da na haɗa ban san iya kwanan da zai yi ba, na dai nuna wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa yadda zai canza shi.

Safiyar da zan taso daga Arlit, an aiko cewa ayari zai tashi, na fito da jaka a kafaɗa ina sauri, Alhaji Sani yana jirana a kan babur. Na biya makaranta in yi wa Madam sallama. Tana cikin ɗaki da manya. A rumfa kuwa ƙanana ne zaune a kan yashi, abin yana kan garwarsa yana juya kai, yana tambaya da muryar Asalama. Ita kuma ba a bakin ƙofa take ba. Tana tsugune a tsakiyarsu, ta kama hannun wata yarinya sabuwar zuwa tana kai shi kan hannun robar, yarinyar tana janyewa tana ɓoye fuska. Na ɗaga murya na ce na tafi, sai wani jiƙon. Alhaji yana ta danna ham a waje.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kafin ka tafi ƙara masa murya. Na baya ba su ji."

Na ajiye jaka, na tsallake yara, na ƙara.